Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Daraktan Hukumar Sa Ido Kan Nukiliya ta NNRA: A Auna Iskarmu, A Auna Ƙarfenmu

Ranka ya daɗe,

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Fatakwal. A nan aka yanke cibiyata, dangina kuma sun bazu tsakanin Oyigbo da bakin gadar Anacha da Ama Hausa ta Inugu. Maganar da na ɗauko ba a saba jin ta a bakin mazauna zango ba, wato maganar na'urorin da duniya ta girke don kama duk ƙasar da ta gwada bam ɗin nukiliya a ɓoye. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da albasa ko mai tura kurar gwangwan da wannan. Da ruwansa, shi ya sa na rubuto a fili, da Hausa, don su ma su karanta ko a karanta musu.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai kusan kilotan 70, ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima fiye da sau huɗu. Ta sake tayar da wani a Afrilu, ta ƙara na uku ranar 27 ga Disamba. Gana ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta. Najeriya kuwa, tana da wata uku kacal da samun 'yanci, ta wuce nan: ranar 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa, Raymond Offroy, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa shiga tashoshinmu, har da wannan ta Fatakwal. Duk da haka Faransa ba ta fasa ba. Gwaji 4 ta yi a sararin sama, 13 a cikin duwatsun In Ekker, har zuwa 1966, kuma a na ranar 1 ga Mayu 1962 dutsen ya kasa riƙe abin da aka cusa masa, hayaƙin ya ɓalle waje.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne inda ma'aunin yake. Faransa ce ta tayar da bam, ita ce kuma ke riƙe da taswirar inda burbushinsa ya sauka. Sai a Fabrairun 2014, bayan shekara 54, jaridar Le Parisien ta buga taswirar sojan da aka cire wa takunkumin sirri, aka ga gajimaren ya mamaye yammaci da tsakiyar Afirka, kuma cikin kwana 13 ya kai gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. Ɗan awon da aka yi a Najeriya a lokacin, da kayan Birtaniya da masananta aka yi shi, ita ma Birtaniyar ba ta daɗe da gama nata gwaje-gwajen a Ostireliya da tekun Fasifik ba. Iyayenmu sun yi fushi, fushinsu kuma yana kan gaskiya, amma ba su da lambar da za su ɗora a kan tebur su ce ga abin da muka auna da hannunmu.

Don toshe wannan kafa aka ƙulla yarjejeniyar haramta duk wani gwajin nukiliya, wadda aka buɗe don sa hannu ranar 24 ga Satumba 1996, bayan duniya ta sha gwaji sama da 2,000 tun daga 1945. Najeriya ta sa hannu a 2000, ta tabbatar a 2001. Har yau yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba, domin sai ƙasashe 44 da aka lissafa sun tabbatar da ita baki ɗaya. Amurka da Sin da Masar da Iran da Isra'ila sun sa hannu sun tsaya nan. Indiya da Fakistan da Koriya ta Arewa ko hannun ba su sa ba. Rasha ta tabbatar, sannan a Nuwamban 2023 ta janye tabbacin. A ƙarshen Oktoban 2025 kuma shugaban Amurka, Donald Trump, ya furta cewa ƙasarsa za ta koma gwaji, alhali rabonta da tayar da bam tun 1992. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa idan babba ɗaya ya karya wannan shiru, sauran ba za su zauna ba.

Abin da ya rage mai ƙarfi shi ne kayan aikin. Hukumar yarjejeniyar, wato CTBTO da ke Biyenna, wadda ɗan Burkina Faso Lassina Zerbo ya shugabanta daga 2013 zuwa 2021, tana kula da tsarin sa ido mai wurare 337: tashoshi 321 da ɗakunan bincike 16, kuma kusan kashi 90 cikin 100 sun riga sun kammala. Tashoshi 170 suna sauraron motsin ƙasa, 11 suna sauraron cikin teku, 60 suna kama irin ƙarar da kunnen mutum ba ya ji. Waɗannan duka suna iya cewa wani abu ya fashe a wuri kaza da ƙarfe kaza. Amma ba za su iya rantsuwa cewa nukiliya ba ce, domin tarin nakiya ma yana girgiza ƙasa. Shaidar da ke yanke hukunci tana hannun sauran tashoshi 80, masu tace iska.

Yadda suke aiki ya cancanci a bayyana shi, domin babu tsafi a ciki. Injin yana zuƙar iska dare da rana, sama da mita kubik 500 a kowace awa, yana bi da ita ta cikin matacin da ke tare ƙura. Bayan awa 24 a cire matacin, a ajiye shi wata awa 24 don burbushin da Allah ya halitta a iska, mai saurin mutuwa, ya lafa. Sannan a sa shi gaban wani dunƙulen jamaniyom tsantsa da aka sanyaya ƙwarai, ya yi wata awa 24 yana ƙirga tururin da ke fitowa. Kowane sinadari yana fitar da tururinsa da nasa ƙarfin, ba ya aron na wani. Kamar yadda dillali a kasuwar shanu ta Ugwuoba zai dubi saniya daga nesa ya ce wannan bunaji ce, waccan bakoloji, waccan rahaji, har ya faɗi yankin da aka ɗauko ta, haka masani ke duban zanen da na'urar ta fitar ya ce wannan siziyom ne, wannan aidin ne, kuma irin haɗin nan daga bam yake fitowa, ba daga asibiti ko tashar lantarki ba. Sakamakon yana tafiya Biyenna kullum. Idan an ga abin tuhuma, a aika matacin kansa ɗakin bincike, kuma ɗaya daga cikin 16 ɗin yana Pelindaba a Afirka ta Kudu.

Mai gwaji a ƙarƙashin ƙasa yana iya toshe ƙura, amma akwai iskar zinon, wadda ba ta haɗuwa da komai, sai ta bi tsagar dutse ta sulale. An tsara rabin tashoshin 80 su riƙa kama ta. Da Koriya ta Arewa ta yi gwajinta na farko ranar 9 ga Oktoba 2006, tashar Yellowknife a Kanada, can ƙetaren tekun Fasifik, ta shaƙo zinon ɗin bayan kusan mako biyu, masana yanayi kuma suka bi sawun iskar da baya har zirin Koriya. A gwajin Fabrairun 2013 sai bayan kusan kwana 55 tashar Takasaki a Japan ta kama shi. A na 2009 ba a kama komai a iska ba, motsin ƙasa kawai aka ji. Na kawo wannan ne don a san na'urar tana da iyaka, kuma yawan tashoshi da kusancinsu su ne ƙarfinta.

To, ina namu? A Nijar akwai biyu: ta motsin ƙasa a Torodi, kusa da Yamai, wadda masana ke yabon kaifin jinta, da ta tace iska a Agadas. A Kamaru akwai ta tace iska a Edea, kusa da Duwala, wadda ta fi kusa da Fatakwal a kan Abuja. A Kwaddibuwa akwai tashoshi a Dimbokro. Najeriya, wadda ta kori jakada saboda wannan magana, ba ta da ko ɗaya. Ba laifin wani mai riƙe da ofis a yau ba ne, tun a teburin tattaunawa aka rubuta jerin wuraren cikin yarjejeniyar. Sai dai yarjejeniyar ta bar ƙofa biyu a buɗe. Duk ƙasar da ta sa hannu tana da haƙƙin karɓar bayanan tashoshin duniya baki ɗaya, ƙarama da babba daidai wa daida. Tun da ta Biyenna suke biyowa, ko dangantakarmu da Yamai ta yi tsami, kamar yadda ta yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, abin da Agadas ta shaƙa zai iso mu. Ƙofa ta biyu kuma, ƙasa tana iya gina tata tashar da kuɗinta, ta nemi a tantance ta a matsayin mai haɗin gwiwa.

Na san wannan ba a hannunka kaɗai yake ba. Akwai hukumar makamashin nukiliya ta NAEC, akwai Ma'aikatar Harkokin Waje. Amma dokar 1995 da ta kafa hukumarka, wadda ta fara aiki a 2001, kai ta ɗora wa kare jama'a daga tururin nukiliya, don haka muryarka ce ta fi dacewa a fara ji. Kuma ba daga sifili za a fara ba. Cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana sarrafa ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, kuma a 2018 aka sauya masa makamashi aka mayar wa Sin yuraniyom mai ƙarfin da ke cikinsa, aikin da ya jawo wa ƙasar nan mutunci. Akwai cibiya a Ile-Ife, akwai ta Sheda, akwai cibiyar nazarin makamashin nukiliya a Jami'ar Fatakwal, akwai masu auna motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauchi. Mutanen da suka iya karanta zanen jamaniyom muna da su. Injin tace iska ɗaya a arewa, inda hazo ke fara sauka, ɗaya a nan bakin teku, bai fi ƙarfin Najeriya ba.

Hazon nan shi ne abin da ya haɗa mazaunin Katsina da mazaunin Anacha. Daga Disamba zuwa Fabrairu yana sauka har kan kogin Kwara, ya rufe gada, ya bushe leɓe, a nan Fatakwal kuma ya tarar da baƙar kunkunniyar da ta addabi garin tun 2016. Duk shekara sai wani saƙo ya zagaya a WhatsApp cewa ƙurar tana ɗauke da gubar bam ɗin Faransa. Ɗalibai suna tambaya, iyaye suna tambaya. Amsar da ilimi ya bayar zuwa yanzu mai kwantar da hankali ce. Mafi yawan ƙurar hunturunmu daga kwarin Bodele na Cadi take tasowa, ba daga Reggane ba. A Fabrairun 2021, da ƙurar Sahara ta rina ƙanƙarar Faransa, wata ƙungiya mai suna ACRO ta auna ta ta sami siziyom, kaɗan ƙwarai, ta danganta shi da gwaje-gwajen Aljeriya. Bayan wata guguwar ƙurar a Maris 2022, masana suka tattara samfuri daga ƙasashen Turai da dama, suka duba fulutoniyom ɗin da ke ciki, suka buga sakamako a 2025: tambarin na manyan gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet ne da suka game duniya, ba na Faransa ba, kuma adadin bai kai na cutarwa ba. Gani ya kori ji. Amma a lura, ƙurar da ta faɗa Turai aka auna, don Turawa. Mu da muke shaƙar ta wata uku a jere mun fi kowa cancantar a ce mana, da Hausa da Ibo da Turancin buroka, a rediyo, ga abin da aka auna a hazon bana. Ba ɗanyen bayanan Biyenna nake nufin a baza ba, na san suna da ƙa'idojinsu. Taƙaitaccen bayani daga bakin hukuma, sau ɗaya a kowane hunturu, ya isa ya kashe jita-jita.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci, kuma shi yana hannunka kai tsaye.

Fatakwal gari ne na mai, aikin mai kuwa ba ya yiwuwa sai da ƙananan ƙwayoyin nukiliya. Ana zura su cikin rijiya don a gane irin dutsen da ke ƙasa, ana haska walda da su don a ga ko bututu ya tsage. Siziyom, iridiyom, amerisiyom: kowanne ƙwaya ce ƙarama cikin gida mai nauyi na ƙarfe da dalma. Hukumarka ce ke ba da lasisinsu tana bin sawunsu. Amma abin da ake yawo da shi a mota yana iya ɓata. A Disamban 2002 an sace irin waɗannan ƙwayoyi guda biyu na kamfanin Halliburton a yankin Neja Dalta, daga baya aka gano su a Jamus cikin lodin tsohon ƙarfe. Kafin su kai Jamus sun bi ta hannun mutane. A Fatakwal da Anacha da Inugu, hannun da ke ɗaukar tsohon ƙarfe, ya ɗora a kura, ya kai sikeli, ya fasa da guduma don raba dalma da jan ƙarfe, sau da yawa hannun yaronmu ne, ɗan Kano ko Katsina ko Jigawa ko Maraɗi, mai bin layi yana kiran ayan kwandam. A idonsa, abu ƙarami mai nauyin tsiya sa'a ce ta faɗo.

A Satumban 1987, a birnin Goiania na Burazil, masu tsintar ƙarfe biyu suka ɗauko kan wata na'urar gashin kansa daga asibitin da aka yi watsi da shi. Suka fasa, suka sayar wa mai gidan gwangwan. Shi kuma ya ga garin da ke ciki yana walƙiya shuɗi da dare, ya kai gida, ya rarraba wa dangi. Mutum 4 suka mutu, ciki har da matarsa da wata yarinya 'yar shekara 6. An auna mutum kusan 112,000, aka sami 249 da burbushin a jikinsu ko kayansu, aka rushe gidaje. An sake irin haka a Samut Prakan ta Tailan a 2000, mutum 3 suka rasu, an kuma sake a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi a 2010. A Goiania likitoci sun fara ɗaukar abin a matsayin wata cuta dabam, domin amai da gudawa da ƙunar fata ba su zuwa da suna a goshi. Tururin ba shi da wari, ba shi da launi. Na'ura ce kaɗai ke ganinsa.

Na'urar da ake bukata a nan ba irin ta Agadas ba ce. Ilimin ɗaya ne, amma wannan ta hannu ce, tana ƙara idan ta kusanci haɗari, kuma mai sauƙin cikinsu ba ta kai kuɗin babur ba. Sana'ar gwangwan tana da maƙogwaro: dubban yara ne ke tsinta, amma duk kayan sai sun bi ta kan sikelin manyan dillalai kafin a loda tirela zuwa masana'antar narka ƙarfe. A sa na'ura ɗaya a kowane babban sikeli, a koya wa mai awo riƙe ta, a mayar da ita sharaɗin sana'a. A tashar jiragen ruwa ta Onne da ƙofar kowace masana'antar narka ƙarfe a tabbatar akwai babbar, wadda mota ke ratsawa, kuma tana aiki. Idan ƙwaya ɗaya ta shiga tukunyar narki, rodin da zai fito gidajen mutane za shi.

Akwai kuma maganar alama. Tambarin nan mai fikafikai uku a kan ruwan ɗorawa ba ya gaya wa wanda bai yi boko ba komai. Hukumar nukiliya ta duniya ta gane haka, shi ya sa a 2007 ta fito da ƙarin wata alama ja mai kusurwa uku, da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. A buga duka biyun, da hoton yadda gidajen ƙwayoyin suke, da bayani cikin boko da ajami, a manna a kowane gidan gwangwan.

Sai abu mafi wuya, wanda kuɗi ba ya saye. Yaron gwangwan a kudu yana rayuwa cikin tsoro. Ana zarginsa da satar murfin kwalbati da wayar wuta, wasu kuma da gaskiya ake zarginsu, ba zan kare ɓarawo ba. Wasu hukumomi sun ɗauki hanyar hana sana'ar ɗungurum. Amma yaron da ya san idan ya kai rahoto za a fara tambayarsa inda ya sato, ba zai kai ba. Zai jefa abin a kwata, ko ya sayar da sauri ga na gaba. Ina roƙon hukumarka ta yi shela a sarari, ta kuma sanar da 'yan sanda, cewa duk wanda ya tsinci abu mai wannan alama ya faɗa, ba kamu, ba tara, har da ɗan tukwici. Umarnin da za a ba shi gajere ne: kada ka taɓa, kada ka fasa, kada ka sa a aljihu, matsa nesa, hana yara zuwa, kira wannan lamba. Lambar kuma ta zama akwai mai ɗauka, mai jin Hausa.

Hanyar isar da saƙon a shimfiɗe take. Zaman Hausawa a nan ba na jiya ba ne. A shekarun 1950 wani bafatake ɗan ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne magajin garin Inugu na farko, da ƙuri'ar mutanen garin. Kowane zango yana da Sarkin Hausawa, kowace kasuwa tana da shugabanni, 'yan gwangwan suna da ƙungiyoyinsu, kuma abin da liman ya faɗa bayan sallar Juma'a yana kaiwa inda takardar gwamnati ba ta kaiwa. Jami'inka ɗaya, da na'ura ɗaya a hannu, ya tsaya a harabar masallaci ya nuna yadda take ƙara, ya bar mutane su riƙe ta su gani. Malaman kimiyya irina da ke cikin zangon za mu yi tafinta, mu kuma ci gaba da maimaitawa a aji. A fara da Oyigbo da bakin gadar Anacha da Garikin Inugu kafin hunturu mai zuwa, a kuma gayyaci maƙwabtanmu Ibo da Ikwere masu gidajen ƙarfe, domin sikelin ɗaya muke hawa.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Fatakwal, Jihar Ribas.